Yadda zaka zaga Landan da iyali ba tare da ka galabaitar da yara ba

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun da muka dawo daga Landan ni da maman yara da yaranmu uku mutane ke tare ni da tambaya, a masallaci nan Agege, a kasuwa, har wani Alhaji maƙwabcin shagona ya ce shi ma yana so ya kai nasa idan an yi dogon hutu amma bai san ta ina zai ɓullo wa abin ba, to shi ne na ce bari in zauna in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta. Kwana 9 muka yi, babbar 'yata shekararta 13, na tsakiya 9, auta kuma 5.

Abin da ya daɗe yana damuna shi ne mutanenmu da yawa idan sun je garin nan abu biyu kawai suke yi, sayayya a Oxford Street da zaman falo a gidan 'yan uwa, sai a tsaya a gaban Big Ben a ɗauki hoto ɗaya a dawo. An kashe miliyoyi, yaro ya sha zaman jirgi na awa 6 da rabi, ka tambaye shi me ka gani ya ce maka shaguna. Wasu kuma su ɗauki yara su yi ta gudu da su wuri biyar a wuni ɗaya har ƙafarsu ta kumbura su tsani tafiyar baki ɗaya. Mu ma rana ta biyu haka muka so yi, kafin la'asar auta ya zauna dirshan a bakin titi yana kuka ya ce ba inda zai ƙara zuwa, maman yara ta dube ni ta ce Alhaji, yaran nan fa ba za su iya wannan gudun ba. Daga ranar muka canza tsari, wuri ɗaya babba da safe, a ci abinci a yi sallah, da yamma kuma a sake su a lambu su yi guje-guje. Duk abin da zan faɗa a ƙasa a kan wannan tsarin yake.

Shiri tun daga Legas yake farawa. Biza ana cike ta ne ta intanet sannan ka je Ikeja ko Victoria Island a ɗauki hoton yatsunka, kowane yaro da nasa fasfo da tasa bizar ko da jariri ne. Ana iya nema tun saura wata 3 tafiya kuma yawanci cikin sati 3 ake ba da amsa, amma lokacin hutu mutane na yawa, kar ka bari sai ya rage kwana ashirin ka fara zarya. Ka tanadi takardar haihuwar yara, idan kuma uwa ce kaɗai ko uba kaɗai zai tafi da su to a haɗa da takardar amincewar ɗayan. Maganar asusun banki, don Allah kar wani ejan ya ce maka ka ranto kuɗi ka zuba a asusu ana saura sati ɗaya, suna duba yadda kuɗinka ke shige da fice ne na watanni, kuɗin da ya faɗo rana ɗaya ba bayani shi ya fi jawo a hana mutum. Mu 'yan kasuwa da muka saba da tsabar kuɗi a hannu, ka fara bi da cinikinka ta banki tun da wuri.

Wajen canji kuma ga abin da mutane da yawa ba su sani ba. Tsofaffin takardun fam 20 da fam 50 na takarda sun daina aiki a shagunan Ingila tun 30 ga Satumba 2022, yanzu na leda ne kawai ake karɓa, to idan ka je wajen 'yan canjinmu a Allen ko Broad Street ka shafa kuɗin da hannunka ka tabbatar na leda aka baka. Ka roƙi ƙananan canji, 10 da 20, ƙananan shaguna ba sa son fam 50. Sannan garin ya koma harkar kati sosai, akwai wuraren da ko ka fito da tsabar kuɗi za su ce maka ba sa karɓa, ka je bankinka ka tabbatar katinka zai yi aiki a waje kafin ka tashi.

Kilishi, dambun nama, man shanu, duk wani abu na nama ko madara doka ta hana shiga da shi daga Najeriya, maman yara har ta sa an yi mata dambu sai da muka barshi a gida. Yaji da garin kunu muka ƙulle da kyau muka tafi da su, sun yi mana rana wallahi. Rigar sanyi kar ka ce sai ka je can zaka saya, ka shiga Katangowa ka zaɓo wa kowa jaket mai hula wadda ruwa ba ya ratsa ta, don ko a watan Agusta da suke kira lokacin zafi ana iya wayar gari da rana kafin azahar yayyafi ya sauko da iska mai sanyi. Takalmi ya fi komai, kowa ya sa kambas ɗin da ya saba da shi, sabon takalmi zai ji wa yaro ciwo tun ranar farko. Soket ɗinsu irin namu ne mai baki uku, cajarka ta gida zata shiga.

Idan jirgin dare kuka hau daga Murtala Muhammed da asuba zaku sauka, otal kuma yawanci sai wajen ƙarfe 3 na rana suke ba da ɗaki, ka yi magana da su tun kafin ka taso ko su ajiye muku kaya. Ɗakunansu ƙanana ne kuma da wuya su yarda mutum biyar su kwana a ɗaki ɗaya, shi yasa muka kama falat mai kicin kusa da tashar jirgin ƙasa, a dafa shayi da ƙwai da safe, a dafa shinkafa da daddare, kuɗin da wannan ya rage mana ba kaɗan bane. Ranar da kuka sauka kar a je ko'ina, a yi barci.

Zirga-zirga a cikin gari, duk wanda ya saba da katin Cowry na BRT ya riga ya gane kan abin. Nasu sunansa Oyster, ana saye a tasha a zuba masa kuɗi a na'ura, ko ka yi amfani da katin bankinka idan irin wanda ake ɗorawa ne kawai. A jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda suke kira Tube, zaka ɗora kati wajen shiga ka ɗora wajen fita, kuma katin da ka shiga da shi da shi zaka fita, a bas kuwa wajen shiga kawai, ba kwandasta ba a karɓar tsabar kuɗi sam. Kowane babba da katinsa. Yaran da ba su kai 11 ba kyauta suke hawa idan suna tare da babba, ku bi ta ƙofa mai faɗi da ke gefe ku wuce tare. Ita babbar mai 13 na je wajen ma'aikacin tasha na ce ya sa mata rangwamen yara baƙi a katinta, ya sa, rabin kuɗi take biya har na sati biyu. Akwai kuma iyakar abin da za a cire maka a rana, idan ka kai wannan adadin sauran hawan ranar ba a cire komai. Ku guji fita daga 6:30 zuwa 9:30 na safe da kuma 4 zuwa 7 na yamma a ranakun aiki, kuɗin jirgi ya fi tsada, cinkoson kuma sai ka tuna Oshodi.

Jirgin nan tun 1863 aka fara shi, shi ne mafi tsufa a duniya a irinsa, saboda haka tashoshi da yawa ba su da lif, mai keken jariri zai sha ɗauka a matakala, ku duba taswira tashar da aka sa wa alamar keken guragu ita ce mai sauƙi. A matakala mai tafiya da kanta a tsaya a dama, hagu na masu sauri ne. Kuma ku koya wa yara tun a gida, idan ƙofar jirgi ta rufe ta raba ku, wanda aka bari ya tsaya inda yake kar ya motsa, wanda ya tafi ya sauka a tasha ta gaba ya dawo. Na rubuta lambar wayata a takarda na sa wa kowanne a aljihu. Titi kuma a hagu suke tuƙi, yadda muke yi a Najeriya kafin 1972, yaron da ya tashi a Legas idonsa hagu zai fara dubawa alhali motar daga dama take zuwa, ka riƙe hannunsu gam sai ɗan mutumin nan na fitila ya koma kore.

Ni dai bas mai bene na fi so. Ku hau lamba 15 daga Trafalgar Square ku haye sama ku kama kujerar gaba, zata bi da ku ta gaban babbar majami'ar St Paul's har Tower Hill, hanyar da motocin 'yan yawon buɗe ido ke cajin kuɗi mai yawa a kai, ku kuma bai kai fam 2 ba kowane babba.

A Tower Hill ɗin ne Tower of London take, idan wuri ɗaya kawai zaka biya kuɗin shiga a duk tafiyar to nan ne. Ganuwa ce da fada da kurkuku a haɗe, farin ginin da ke tsakiya sarki William wanda ya ci Ingila da yaƙi a 1066 shi ya fara gina shi, kusan shekara 950 kenan yana tsaye. Ku yanki tikiti ta intanet, ku isa ana buɗe ƙofa, ku miƙe kai tsaye ɗakin kayan sarauta kafin layi ya yi tsawo. Ciki da ɗan duhu, ba a ɗaukar hoto, ana tsayawa a kan wani bel yana tafiya da ku a hankali ta gaban kambunan, a jikin sandar sarautar akwai lu'ulu'u mai karat 530 da aka yanko daga dutsen da aka haƙo a Afirka ta Kudu a 1905, mun zaga sau biyu don babbar ta ce bata ƙoshi da kallo ba. A tsakar gidan akwai hankaki baƙaƙe ƙirin manya-manya, ba irin namu masu farin ƙirji ba, ana kiwon aƙalla 6 saboda camfin da suke da shi cewa ranar da suka bar wurin masarauta zata faɗi. Auta ya fi rabin awa a tsugune yana kallon ɗaya yana ta tsalle a kan ciyawa, ban hanzarta shi ba. Dogaran wurin masu riga shuɗiya da jan ado tsofaffin sojoji ne da suka yi aƙalla shekara 22 a bakin aiki, suna zagawa da mutane suna ba da tarihi ba ƙarin kuɗi, sai dai labarin fille kai ya yi yawa a ciki, ka lura da ƙananan. Kuna fitowa ga gadar Tower Bridge ta 1894 mai buɗewa jirgin ruwa ya wuce, tsallaka ta da ƙafa kyauta ne.

Wata ranar ku ba unguwar Westminster. Big Ben asalinsa sunan ƙararrawar ne da ke cikin hasumiyar, tun 1859 take bugawa, ku daidaita zuwanku da cikar awa yara su ji da kunnensu. A kan gadar wurin ku kula da waya da aljihu, kuma duk wanda kuka gani da kofuna uku yana juyawa mutane sun kewaye shi 'yan damfara ne, ku wuce. Daga nan ku bi Whitehall inda dogarai ke zaune a kan dawakai, kar yaro ya matsa dokin yana cizo, ku shiga lambun St James's mai agwagi da kwasakwasa da kuregu da ba sa gudun mutum, ku ɓulla fadar Bakingham. Canjin masu gadi wajen ƙarfe 11 ake yi kuma ba kullum ba, ku duba ranar tukuna, gaskiya cunkoson bakin fadar ya yi wa ƙananan yara yawa, ku tsaya a gefen babban titin The Mall zaku ga sojojin na wucewa da badujala.

Daf da wurin akwai wani gida da 'yan yawon buɗe ido ba sa ko kallo amma ni shi na fi so in nuna wa yarana, Lancaster House. Ba a shiga, daga waje kawai ake gani. A nan Sardauna da Tafawa Ɓalewa da Azikiwe da Awolowo suka zauna da Turawa a 1957 da 1958 kan tsarin mulki, a zaman 1958 ɗin aka tsayar da 1 ga Oktoba 1960. Na tsaya na ce musu kun ga hutun da ake baku ranar 'yancin kai, a gidan nan aka sa ranar. Na tsakiya ya ce Baba, Sardauna da rawaninsa ya shiga nan? Na ce da rawaninsa da babbar rigarsa.

Manyan gidajen tarihin garin kyauta ake shiga, wannan ita ce babbar garaɓasar Landan ga mai iyali, sai dai ka kama lokacin shiga ta intanet don kauce wa layi. Na yara shi ne Natural History Museum a South Kensington, kana shiga zaka ga ƙwarangwal ɗin dabbar ruwan nan da ta fi kowace dabba girma a duniya a rataye a sama, tsawonta mita 25, ga ɓangaren dainoso, manyan dabbobin nan da suka ƙare tun zamanin da, a gefe. Gidan kimiyya na maƙwabtaka da shi amma kar ku haɗa su rana ɗaya.

British Museum kuwa, wanda aka kafa a 1753, ko wata guda zaka yi ba zaka gama shi ba, ka zaɓi ɗaki uku ka haƙura da saura. Mu mun ga gawarwakin Misirawa na zamanin Fir'aunoni a naɗe, mun ga ɓangaren duniyar Musulunci mai tsofaffin rubuce-rubuce da tasoshi da tufafi, sannan muka sauka ƙasa ɗaki na 25, na Afirka. A nan tagullar Benin take jere a jikin sanduna, kowane allo da hoton sarki da fadawa da mayaƙa, har zanen tufafinsu da murjanin wuyansu an fitar, ga kuma kan tagulla na Ife mai tsaga a fuska kamar zai yi magana. Babbar ta daɗe tana karanta rubutun da ke jiki sai ta juyo ta ce Baba, to me ya kawo su nan? Na faɗa mata yadda sojojin Birtaniya suka ci Benin da yaƙi a 1897 suka kwashe kayan fada, da yadda har gobe Najeriya ke neman a dawo da su. Bata ce komai ba, amma da muka dawo Legas ita da kanta ta ce in kai ta gidan tarihi na Onikan, shekara nawa ina wuce shi ban taɓa kai su ba sai da ta nema. Bayan ginin British Museum ɗin kuma hedkwatar jami'ar Landan take, jami'ar da Tafawa Ɓalewa ya je karatun malanta a 1945.

Idan da sauran rana ku hau jirgin ruwa a kogin Tems daga Westminster zuwa Greenwich, inda layin da agogon GMT ya samo suna yake, wanda muke ji kullum a rediyo. Hawan tudun wurin da kallon gari daga sama kyauta ne, tsayawa a kan layin a cikin harabar gidan nazarin taurari da ke kan tudun ne ake biya.

Sallah tana son shiri. Lokacin dogon hutunmu rana bata faɗuwa sai wajen 8 zuwa 9 na dare, asuba kuma da wuri sosai, ka sa manhajar lokutan sallah a waya, alƙibla kuma daga can kudu maso gabas take, kar ka bi yadda ka saba a Legas. Matafiyi na da sauƙin ƙasaru, kowa ya tambayi malaminsa kafin ya tashi tunda kwanakin zama na shiga cikin hukuncin. Juma'a mun yi ta a babban masallacin Regent's Park mai ƙubba ruwan zinare, akwai wajen mata, ana idarwa ga lambu nan a bakin ƙofa. Akwai kuma East London Mosque a Whitechapel, ita unguwar ma duk gidajen abincin halal ne masu sauƙin kuɗi, haka Edgware Road wajen Larabawa. Banɗakunansu ba buta, kowa ya sa 'yar gorar roba a jaka, ni tawa a aljihun jaket take kwana. A babban kanti ku dinga karanta jikin kaya, ham da bacon duk alade ne, alewar yara mai danƙo da yawa akwai gelatine a ciki, wanda sau da yawa daga alade ake yinsa, kifi da dankalin nan nasu ma ku tambaya don wasu da giya suke kwaɓa fulawar. Ruwan famfo ana sha, ku cika gora daga gida. Ranar da kewar gida ta taso ku je Peckham, titin Rye Lane, Yarbanci zaku ji ta ko'ina ga doya ga jollof ga burodi irin na Agege.

Ku yi inshorar lafiya ta tafiya don asibiti na da tsada ga baƙo, idan yaro ya yi zazzaɓi ku faɗa wa likita daga Najeriya kuka zo a duba maleriya, lambar gaggawa 999.

Sayayya a barta sai kwana biyun ƙarshe, ba don komai ba sai don idan aka fara da ita kuɗi da ƙarfi duk a can suke ƙarewa. Kar ya zama Lahadi, manyan shaguna awa 6 kawai suke buɗewa ranar, kuma tun 2021 an daina mayar wa baƙi kuɗin haraji a filin jirgi, farashin da ka gani shi zaka biya. Kantin kayan wasa na Hamleys a Regent Street hawa bakwai ne, ka faɗa wa kowane yaro iyakar kuɗinsa tun a bakin ƙofa. Idan kun fito ku miƙe arewa kaɗan ku wuce Oxford Circus, ginin BBC na nan a ƙarshen titin, na tsaya a gabansa na tuna mahaifina, Allah ya jiƙansa, da rediyonsa a kunne yana jiran a ce Landan take kira, sashen Hausa tun 1957 yake. Masu keken nan mai fitilu da kiɗa da ke ɗaukar mutane a wurin kar ku hau sai an yi ciniki an gama, in ba haka ba tafiyar minti biyar zasu kira maka kuɗin da zaka riƙe baki.

Ku tafi da ɗan sikelin rataye daga gida ku auna akwatuna tun a masauki, yawanci kilo 23 ne kowace jaka amma ka duba tikitinka, ku isa filin jirgi awa 3 kafin tashi. Wanda zai ɗauke ku a Ikeja kuma a gaya masa lokacin saukar tun jiya ya fito da wuri saboda gosulo, a cire wa yara jaket tun a cikin jirgi a sa a jakar hannu.